Sau nawa ka kewaya jiya?

Ranar da na yi wa mahaifiyata bayanin aikina ta salula, shiru ta yi har na ɗauka layi ne ya katse. Can sai ta ce: "To ke yanzu duk karatun nan da kika yi, da barin gida, da sanyin da kike sha, kashin mutane kike ƙirgawa?" Na ce, "E, Inna, kusan haka ne." Ta ce Allah ya kyauta, ta koma tambayar lafiyar jikokinta.

Ba ta yi kuskure ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen ciwon ciki da hanji na wani babban asibiti a arewacin Faransa, kuma shekaru ke nan aikina ya tsaya kan rukunin cuta guda, kumburin hanji mai daɗewa, wanda a nan ake taƙaita sunansa da MICI. Kowace safiya, kafin in gama shan kafe, wayar sarwis ta fara ƙara. Tambayoyina ba su canzawa. Sau nawa ka kewaya jiya? A ciki sau nawa ne cikin dare? Da jini? Da majina? In ya matso ka, minti nawa kake iya riƙewa? A Maraɗi na girma, a gidan da yaro ba ya ambatar bayan gida a gaban babba. Yau ga ni ina yi wa dattijo sa'an babana waɗannan tambayoyi ido cikin ido, ina kuma rubuta amsar.

Cutar iri biyu ce. Akwai wadda ake kira RCH, wadda ke farawa daga dubura ta hau babban hanji, ta bar shi da miki yana tsattsafar jini. Wani likita ɗan Ingila, Samuel Wilks, ya bayyana ta tun 1859. Akwai kuma cutar Crohn, mai ɗauke da sunan likitan Amurka Burrill Crohn, wanda ya yi bayaninta tare da abokan aikinsa biyu a 1932. Ita wannan tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, wajen kwiɓin dama. Tana cin kaurin bangon hanji duka, shi ya sa take tsuke hanya har abinci ya kasa wucewa, ko ta huda wata hanya daban, mutum ya wayi gari da ƙurji mai yoyo kusa da dubura.

Dukansu biyu ba a ɗaukar su daga wani. Garkuwar jikin mutum ce, wadda aikinta faɗa da ƙwayoyin cuta, ta juya ta far wa hanjinsa. Akwai hannun gado a ciki, akwai na ƙwayoyin da ke zaune cikin hanji, akwai na irin rayuwa da cimar zamani. Ta fi kama matasa, daga shekara 15 zuwa 35, wato daidai lokacin jarrabawa da neman aiki da aure. Tana tashi ta kwanta: wata shida mutum ras da shi, sai rana ɗaya ta dawo. Har yau babu maganin da ke kawar da ita kwata-kwata, amma akwai waɗanda ke kwantar da ita shekaru, mutum ya yi aikinsa, ya yi aure, ya haifu. A Faransa masu ita sun haura 200,000, kuma yankin da nake yana cikin inda ta fi yawa. Tun 1988 akwai wani rajista mai suna EPIMAD da ke rubuta duk sabon wanda aka gano da ita a arewacin ƙasar.

Likita shi ke gano cuta ya zaɓi magani. Abin da ya rage tsakanin ganin likita na yau da na bayan wata shida, wannan nawa ne. Ina kula da ɗakin da ake zuwa ƙarin ruwan infliximab, maganin da aka fara ba masu cutar Crohn a Amurka a 1998. Ana sa shi yau, a sake bayan mako 2, a sake a mako na 6, daga nan sai kowane mako 8, kuma mutum kan zauna kamar awa biyu ruwan na shiga. Ina koya wa wasu yadda za su yi wa kansu allurar adalimumab a cinya ko a fatar ciki kowane mako biyu, da yadda za su ajiye ta cikin firigo tsakanin digiri 2 da 8. Ina bin sakamakon labo, musamman wani awon bayan gida da ke nuna ƙarfin kumburin tun kafin mutum ya fara jin ciwo. Ina faɗa da masu shan sigari, don tana rura cutar Crohn. Ina hana mutane ibuprofen da diclofenac in kansu ko ƙugunsu na ciwo, don suna iya tayar da cutar daga barci. Ina roƙon waɗanda suka ji daɗin kortizon su yarda a janye musu shi a hankali, don shi mai kashe gobara ne, in aka daɗe a kansa sai ya kumbura fuska, ya cinye ƙashi, ya kawo sukari.

Wannan duka ana koyon sa a aji. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne koyon yadda zan sa mutum ya faɗa mini gaskiya. Da na ɗauka kunyar maganar bayan gida tamu ce mu kaɗai. Ashe Bature ma haka yake. Na ga direban babbar mota da ya bar aikinsa bai faɗa wa matarsa dalili ba. Na ga ƴar lise da ta daina cin komai daga safe har ta dawo gida, don kada ta ɗaga hannu a aji ta nemi izinin fita. Ƙungiyar masu wannan cuta, afa, wadda aka kafa a 1982, har kati take ba mambobinta da za su nuna a shago ko gidan abinci a bar su su shiga kewaye da gaggawa. Wasu sun fi shekara da katin a aljihu ba su taɓa iya fito da shi ba.

Amma wanda ya sa na zauna yin wannan rubutu ɗan gida ne.

Wani hunturu aka kwantar mana da wani ɗalibi da ya zo karatun injiniya. Ya rame har agogonsa na yawo a hannu, jininsa ya yi ƙasa sosai. Faransancinsa ya fi nawa kyau, kuma duk wanda ya tambaye shi jiki sai ya ce babu komai, yana samun sauƙi. A takardarsa an rubuta yana fita sau uku ko huɗu a yini. Awon jininsa da wannan lissafi ba su jitu ba, likita ya ce in je in zauna da shi. Ina isa ƙofa na ji yana waya: "Wallahi da sauƙi, Hajiya, ɗan zazzaɓin sanyi ne, kada ki tada hankalinki." Hausar Damagaram ce tsantsa.

Na jira ya gama, na shiga na yi sallama, na ce, "Sannu ƙanena, ya jiki?" Ya zaro ido, ya yi yunƙurin tashi zaune. Ya ce, "Tanti, ke ƴar gida ce?" Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, ya tambayi maigida da yara. Sannan na jawo kujera na ce, "Na ji ka ce wa Hajiya da sauƙi, kuma ka kyauta, haka ake yi wa uwa. To ni ba Hajiya ba ce. Da sauƙin nan, sau nawa ne?"

Ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya ce sau goma sha biyu, wani lokaci ya fi, huɗu ko biyar cikin dare. Tun yana kolej abin ya fara. An ce atini ne, ya sha Flagyl har ya san ɗacinsa kamar ruwan gidansu. An ce basir ne, an sayo masa garin magani daga masu shela da lasifika a kasuwa. An ce ɗankanoma ne. An yi rubutu, ya sha. Abin ya kan lafa, kowa ya ce maganin ƙarshe ne ya yi aiki, bayan wata biyar ya dawo. Da ya zo Faransa ya san kowane kewaye tsakanin ɗakinsa da jami'a. Abin da ya fi ci masa rai, wanda sai da muryarsa ta karye kafin ya faɗa, wata bakwai ke nan rabonsa da sallar Juma'a, don ba ya iya riƙe alwala daga huɗuba zuwa sallama, kuma yana tsoron abin kunya ya same shi a tsakiyar sahu.

Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ciki wurin ajiye sirri ne, kuma sau da yawa hakan mutunci ne. Wannan yaro ya riƙe nasa sirrin wajen shekara takwas, yana zubar da jini.

Gano cutarsa bai zo da sauƙi ba, kuma a nan ne na ga inda ƙasarmu ta shigo cikin lissafi. An zura masa tiyo mai kamara ta dubura, aka ga ƙarshen ƙaramin hanjinsa ya yi miki ya tsuke. Matsalar ita ce tarin fuka ma yana kama hanji, a daidai wannan wuri, da kusan irin wannan kama. Wanda ya taso a Sahel dole a yi masa wannan zato. Kuskure a nan yana iya kisa, domin magungunan Crohn garkuwar jiki suke dannewa, in kuwa tarin fuka ne a kwance sai ya samu fili. Sai da aka ɗebi tsokar hanjin aka auna, aka ɗauki hoton ƙirji, aka yi awon jini na tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B, wanda shi ma yana da yawa a wajenmu kuma yana iya farkawa in aka danne garkuwa. Har katin allurar shawara na sa ya nemo, don irin wannan rigakafi ba a yin sa ga wanda ya riga ya fara waɗannan magunguna. Da komai ya fito, aka tabbatar Crohn ce, aka fara masa ƙarin ruwa.

Bayan zuwa na uku ya shigo ɗakin yana dariya, ya ce, "Tanti, jiya na yi barci tun daga isha har asuba." Wanda bai taɓa wannan ciwo ba ba zai gane girman maganar ba.

Maganar alwala ba hurumina ba ce, ban kuma yi masa fatawa ba. Na dai faɗa masa cewa malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani kan mai larurar da abu ke fita masa ba da ikonsa ba, ya je ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya faɗa masa komai kamar yadda ya faɗa mini. Ya je, ya dawo da sauƙin zuciya. Da azumi ya matso muka zauna da likita. Shekarar farko an ce ya haƙura, don jikinsa bai murmure ba, kuma addini ya ba marar lafiya damar ramawa. Ya yi fushi da ni kwana biyu. Shekara ta biyu ya yi azuminsa cikakke, muka tsara masa lokutan magani da shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur.

Tun ranar da ya ambaci Flagyl wata fuska ta dawo mini, har yau ba ta tafi ba.

Kafin aure ya kawo ni nan, kafin in sake zaman shekara uku a aji don a amince da takardata, na yi aiki a wani CSI na ƙauye a jahar Maraɗi. Akwai wata amarya, ba ta wuce shekara 19 ba, da ta riƙa zuwa mana da zawo da jini. Na ba ta metronidazol. Ta dawo, na sake ba ta. Ta dawo, muka canza wani. Ba mu da labo, ba mu da komai sai rajista da ɗan kabad na magani da dogon layi a waje. Kowane zuwa na rubuta ta a matsayin sabuwar mai atini, ban taɓa juya shafukan baya na haɗa zuwanta wuri guda ba. Na tuna har faɗa na yi mata a kan ruwan da take sha da rashin wanke hannu, ta sunkuyar da kai ta ce, "To, likita." Uwar mijinta ta ce mini yarinyar ba ta da amfani, kullum tana bayan ɗaki, ga rama, ga ba ciki. Daga baya na ji an mayar da ita gidan iyayenta, ana cewa sammu ne. Ba ta sake zuwa ba.

Ba a taɓa leƙa hanjinta ba, don haka ba ni da ikon sa wa ciwonta suna. Abin da ke gabana shi ne ta zo wurina sau biyar ko shida da ciwo ɗaya, ni kuma ban taɓa tambayar ta tun yaushe ba, ban tambaye ta ko yana tashin ta cikin dare ba, ban ɗora ta a sikeli ba, ban rubuta mata takardar zuwa gaba ba. Waɗannan ba su buƙatar kamara ko firigo.

Ba ina zargin abokan aikina na gida ba ne, na san wurin da suke tsaye. A ƙasarmu yawancin zawo da jini ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, amiba da danginta, kuma wanda ya ba da maganinsu a zuwan farko ya yi daidai. Maganata a kan zuwa na uku da na huɗu ce. An daɗe ana cewa kumburin hanji cutar Turawa ce, amma yanzu ana ganin tana ƙaruwa a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka yayin da birane ke girma kuma cima ke canzawa. Cutar da ba a neman ta ba za a gan ta a rajista ba.

Ga ƴan'uwana ma'aikatan lafiya, roƙona kaɗan ne. Wanda ya dawo da zawo fiye da wata guda, ko jini ya ƙi tsayawa bayan magani, a tambaye shi dare, a auna nauyinsa, a duba idonsa da tafin hannunsa, a tambayi ciwon gaɓoɓi da ƙurajen baki da ƙurji a dubura. In abin ya taru, a tura shi wurin likitan ciki da hanji, ko da sai an je Yamai. Ba kowane mai cutar ne ke buƙatar allura mai tsada ba. Da yawa daga masu RCH ƙwayoyin mesalazin sun ishe su, kuma ba su buƙatar sanyi.

Ga sauran jama'a kuma, kalmar basir ta zama buhun da muke zuba duk abin da ya shafi dubura. A cikin buhun nan akwai basir na gaskiya, akwai atini, akwai tarin fukan hanji, akwai wannan cuta da nake magana, akwai kuma kansar hanji, musamman ga wanda ya manyanta. Mai lasifika a kasuwa ba ya iya rarrabe su. Haka ƙwayoyin da ake saya wurin masu yawo da magani a tire, irin waɗanda mata ke sha don ƙiba, da yawansu kortizon ne. Suna iya lafar da zawon na ɗan lokaci, mutum ya ɗauka ya warke, alhali in tarin fuka ne ƙara masa ƙarfi suke yi. Wanda kuma ke da ɗiya ko mata ko ƙane da kullum ke hanyar salanga yana ramewa, ya tambaye shi cikin sirri da taushin murya. Ba lalaci ba ne, ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗaukar ta a kwanon abinci.

Ƙanen nan nawa ya kusa gama karatu. A nan inshorar lafiya ce ke biyan maganinsa gaba ɗaya, don cutar na cikin jerin cututtuka masu daɗewa da aka ɗauke wa mutane nauyinsu. Shi kuwa gida yake so. Akwai aikin da yake hange, akwai Hajiya da ta tsufa, akwai yarinyar da aka yi masa alkawari. Ya tambaye ni, "Tanti, in na koma, wa zai sa mini ruwan nan kowane wata biyu? In allura ce, ya zan yi da ita in wuta ta ɗauke a watan Afrilu?" Mun zauna da likita muna duba ko za a iya mayar da shi kan ƙwayoyi, da wanda zai riƙa bin sa a Yamai, da takardun da zai tafi da su. Har yanzu ba mu kai ƙarshe ba, kuma ban ɓoye masa cewa dakatar da maganin na iya dawo da cutar ba. Ya kuma tambaye ni ko ya faɗa wa yarinyar. Na ce masa shi zai yanke, amma ni da ƴata ce, na fi son ta ji daga bakinsa kafin a ɗaura, da ta gano da kanta cikin dare. Ya ce zai yi tunani. Makon da ya wuce ya ce mini ya faɗa mata, ta kuma tambaye shi abin da ya kamata ta riƙa dafawa.

Bara na je hutu Maraɗi. Kwana uku da saukata, bayan la'asar, Inna ta shigo ɗakina da wata yarinya ƴar maƙwabta, siririya, ta rufe fuska da mayafi. Inna ta kori jikokinta waje, ta saki labule, ta turo ƙofa. Sannan ta dube ni ta ce, "Ga ta nan. Ki yi mata tambayoyin nan naki."